Yadda ake zaɓen kaskon bonsai da ƙanƙara ba za ta fasa ba

A watan Disamban 2022 an yi wani sanyi a Ingila da ya shafe sama da mako guda bai saki ba. Da safe in ka leƙa waje ciyawa ta yi fari fat, ruwan da aka manta a bokiti ya zama dutse. Ina da 'yan bishiyoyin bonsai bakwai a bayan gida a lokacin, a jere kan wani katako. Shida ba abin da ya same su. Ta bakwai, wata 'yar mefil da na dasa a shuɗin kasko mai sheƙi kamar ka lasa, sai da sanyin ya lafa na je ɗaga ta, gefen kaskon ya biyo hannuna. Ya dare tun daga baki har gindi, shafen sheƙin kuma ya ɓare kamar ɓawon dafaffen ƙwai. Fam 12 na saye shi a wani shagon kayan lambu, ina ta murnar na yi tsintuwa. Ashe kyan ɗan maciji ne.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne wanda ke kusa da shi, wani baƙi-baƙi marar fasali da na saya na hannu, ko ƙwarzane bai yi ba. Katako ɗaya suka kwana, ruwa ɗaya nake ba su. Sai daga baya na gane bambancin nasu tun ran gini ne tun ran zane: irin yumɓun da aka yi kowanne da shi, da wutar da ya sha ranar gashi.

Ga wanda bai san abin ba, bonsai bishiya ce ta gaske, ba wani iri ne na daban ba. Ana renon ta ne a ɗan kasko marar zurfi, ana datse mata rassa da saiwa, ana lanƙwasa ta da waya, har ta ɗauki kamannin tsohuwar bishiyar daji alhali tsawonta bai wuce kamu ɗaya ko biyu ba. Kalmar ta Japananci ce, ma'anarta shuka a faranti, amma tushen abin daga ƙasar Sin yake, inda suke ce masa penjing. Yawancin bishiyoyin da ake yi da su a Japan da Turai na ƙasar sanyi ne, irin su fain da junifa da mefil, kuma a waje suke zama duk shekara. In ka shigar da su ɗaki mai hita da hunturu ka hana su barcin da suke buƙata, sai su yi ta ramewa har su mutu. Ke nan dole kaskon ya kwana a waje tare da su.

Abin da ke fasa kasko

Duk wanda ya tashi a gidan da ake ajiye randa ya riga ya san rabin karatun. Ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi ne saboda jikinta cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa na tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, ta tafi da zafin. To wannan tsattsafon da muke yabon randa da shi a gida, shi ne ajalinta a ƙasar ƙanƙara. Ruwa in ya daskare girmansa yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100. Wanda ya taɓa manta kwalbar lemo a firiza ya ga aikin da idonsa. In ruwa ya cika ƙofofin yumɓu sannan ya daskare, ba shi da wurin buɗawa, sai ya tura bangon.

Ba a dare ɗaya ake fasa kasko ba. Yau ruwa ya daskare ya buɗe 'yar tsaga kamar silin gashi, gobe da rana ya narke ya ƙara kutsawa ciki, jibi ya sake daskarewa ya ƙara buɗa ta. Shi ya sa hunturun Ingila, mai yawan ruwan sama, wanda zafinsa ke ta kai da kawo a bakin sifili, yakan yi wa kasake ɓarnar da ta fi ƙarfin sanyinsa.

Akwai hanya ta biyu. Ko da jikin kaskon bai sha ruwa ba, ƙasar da ke cikinsa jiƙaƙƙiya ce, ita ma tana kumbura in ta daskare. In ta sami hanyar tasowa sama, shi ke nan. In siffar kaskon ta tare ta, sai ta nemi hanya ta gefe. Duk matakan da ke tafe amsar tambayoyi biyun nan suke nema: nawa jikin kaskon ke sha, kuma ina ƙasar za ta nufa in ta kumbura?

Mataki na farko: san garinka da bishiyarka

In a Kano kake, ko Damagaram, ko Kumasi, maganar ƙanƙara ba taka ba ce. Ko Jos da ake ji da sanyinta, da wuya ruwa ya kwana ya daskare a fili. Damuwarka ita ce kasko mai shan ruwa yana busar da ƙasa da sauri a zafin bazara, sai ka riƙa ban ruwa safe da yamma. Kuka da tsamiya da dangin ceɗiya duk ana yin bonsai da su, kuma sauran gwaje-gwajen nan za su yi maka amfani wajen gane kasko mai inganci.

In kuwa kana Manchesta ko Hambog ko Toronto, raba bishiyoyinka biyu. Na ƙasar zafi, kamar dangin ceɗiya da aka fi sayarwa a manyan kantuna, cikin ɗaki za su yi hunturu, tun da ba sa son sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Selshiyos. Su kam sa musu duk kaskon da ya burge ka. Kuɗinka ka tanada wa masu kwana waje.

Mataki na biyu: tambayi yumɓu, tambayi wuta

Nan ne gundarin maganar. Kayan yumɓu kashi uku ne, kuma wuta ce ta raba su.

Akwai mai ƙaramar wuta, wanda ake gasawa daga wajen digiri 1,000 zuwa 1,150. Jajayen tukwanen fulawa da ake gani ko'ina daga wannan gidan suke. Yumɓun ya yi tauri amma ƙofofinsa a buɗe suke, yana iya shan ruwan da ya kai kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, wani ma ya wuce. Tukwanenmu na gida, da ake tara wa itace da kara a gasa a fili, ko wannan zafin ba sa kaiwa, da wuya su haura 900.

Sai mai babbar wuta, daga wajen 1,200 zuwa 1,300. A wannan zafin wasu ma'adanan da ke cikin yumɓun sukan narke su zama kamar gilashi, su kwarara su toshe ƙofofin. Kaskon yakan tsuke, ya yi nauyi, ya yi tauri kamar dutse. Mai kyau daga cikinsu shan ruwansa ba ya wuce kashi 2 ko 3, sau da yawa ma ƙasa da 1. Shi kake nema. Na ukun shi ne farin tangaran, wanda kusan ba ya shan ruwa sam, sai dai an fi yin ƙananan kasake masu zane da shi, kuma in bangonsa siriri ne ƙasar da ta kumbura tana iya fasa shi.

Muna da misalin wannan bambancin a aljihunmu. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ta riga ta ƙware a ginin tulun Gwari kafin ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane da wani Bature, Michael Cardew, ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a farkon shekarun 1950. Ta shiga a 1954. A can ta ci gaba da gina tulunanta da hannu yadda ta saba, amma da yumɓun babbar wuta, a shafe su, a gasa a tanderu. Suka fito da kyau da ƙarfi har aka riƙa nuna su a Landan, sai dai sun yi nauyi, kuma sun daina tsattsafo, don haka ba sa sanyaya ruwa. Abin da tulun ya rasa shi ne daidai abin da kaskon bonsai ke buƙatar ya rasa.

In daga hannun magini za ka saya, kada ka tsaya a “yana jure sanyi?”, don kowa e zai ce maka. Tambaye shi a zafi nawa ya gasa. Magina a Turai da Amurka suna auna wuta da wasu 'yan tsinkayen yumɓu masu lamba da suke kira kon, kowanne da zafin da yake lanƙwashewa. Kon 6 wajen digiri 1,220 ne, kon 10 kuma ya doshi 1,300. Amma ka lura da sifili: kon 06 ba kon 6 ba ne, shi wajen 1,000 yake tsayawa. Sannan ka ƙara masa tambaya ɗaya, wadda ita ke bambanta mai saye da ya sani da wanda bai sani ba: yumɓun na kon nawa ne? In yumɓun kon 10 ne aka tsaya da shi a kon 6, bai nuna ba, ko da lambar ta yi daɗin ji. Maginin kirki ba ya jin haushin wannan tambayar, yawanci ma zai gaya maka kashi nawa yumɓunsa ke sha.

Garuruwa biyu za ka yi ta jin sunansu. Ɗaya Yixing ne, ana furta shi kamar Ishing, a lardin Jiangsu na ƙasar Sin, yamma da tafkin Taihu. Yumɓunsu, zisha, wato yashi mai launin shunayya, shi ne wanda ake yin shahararrun butocin shayi da shi tun zamanin daular Ming. Yana da laushin taɓawa, yana riƙe kaifin kusurwa, kuma in ya tsufa yakan yi wani duhu mai kyau. Ɗayan Tokoname ne, kudu da Nagoya a Japan, ɗaya daga cikin tsofaffin garuruwan gashi shida na ƙasar tare da Seto da Shigaraki da Bizen da Tamba da Echizen. Tun wajen ƙarni na 12 ake gashi a can, kuma yumɓunsu mai yawan ƙarfe ne, shi ke ba shi ja.

Ra'ayina shi ne sunan gari shaida ce, amma ba hujja ba ce. Kasaken Tokoname da na riƙe duk sun nuna sosai. Na Yixing kuwa akwai na ƙwarai da ba su da na biyu, akwai kuma na masana'anta da ake fitarwa da yawa, kuma duk da suna ɗaya ake tallar su. Hatimin da ke gindin kasko yana nuna maginin ko gidan gashin, amma ana buga na jabu, musamman na sanannun magina. Su kuma tsofaffin kasaken Sin da aka kai Japan ƙarnuka da suka wuce, waɗanda Japanawa ke kira kowatari, ba a gwada su da ƙanƙara. Akan dasa bishiya a cikinsu ne don babban nuni irin Kokufu, da aka fara a Tokyo a 1934, yanzu kuma ake yi a watan Fabrairu, in an tashi a mayar da ita kaskonta na kullum.

Ka yi hattara da kaskon raku, wanda ake zarowa daga wuta yana ja zur a jefa cikin dusar katako. Launinsa ba a magana, amma ƙaramar wuta ce, ga shi ya riga ya sha girgiza. Na ɗaki ne.

Mataki na uku: gwaji a tsaye a shago

Ɗaga kaskon tukuna. In ya fi yadda idonka ya zata nauyi, alama ce mai kyau. In ya zo maka sakayau kamar ƙwarya, ka fara shakka.

Sai ka zura yatsa ta ramin gindinsa ka rataye shi, kada tafin hannunka ya taɓa bangon, ka ƙwanƙwasa gefen da bayan yatsa ko da makulli, a hankali. Wanda ya nuna yakan yi ƙara kamar ƙararrawa, sautin ya ɗan ja kafin ya mutu. Ɗanye yakan ce “ƙwaf” ya yi shiru. In kuma ka ji wata 'yar zuzar kamar ta tsagaggiyar ƙwarya, akwai tsaga a ɓoye ko da ba ka gan ta ba, mayar musu da abinsu. Iyayenmu mata haka suke yi wa tukunya a kasuwa kafin su yi ciniki. Kasko mai kauri muryarsa ƙasa-ƙasa take, kada wannan ya ruɗe ka, jan sautin kake saurare.

Kifa shi. Nemi wurin da ba shafe, ƙasan ƙafa ko tsakiyar gindi, ka ɗiga ruwa ɗigo ɗaya. Ƙirga zuwa talatin. In ɗigon yana nan a dunƙule yana ƙyalli, madalla. In ya ɓace ya bar duhun tabo, kaskon mashayi ne. Tsofaffin magina da harshe suke yi, in harshen ya manne to yumɓun ɗanye ne, amma ban ba ka shawarar ka yi wannan a gaban mai shago ba. Ruwan gorarka ya isa.

Yanzu duba ramukan. Ramin fitar ruwa ya kai babban yatsa ya shiga, kuma kasko mai tsawo yana buƙatar biyu ko fiye. Ƙananan ramukan da ke gefensu na waya ne, da su ake ɗaure bishiya. Duba inda aka haɗa ƙafafun da jiki, don nan tsaga ta fi son farawa. Aza shi kan tebur ka ga ko yana rawa. 'Yar karkata kaɗan ba laifi ba ce, babbar wuta takan ɗan murɗa yumɓu, amma wanda ke tangal-tangal zai dame ka.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne daɓen ciki. Shafa shi da yatsa har cikin kusurwoyi. Kasake masu araha yawanci ruwan yumɓu ake zubawa a mazubin filasta, a bari ya kama bango, a tsiyaye sauran. Irin wannan za ka ji ɗan kwarmi a ciki daidai saman kowace ƙafa. Nan ruwa ke kwanciya, ya ruɓar da saiwa da damina, ya daskare da hunturu. Wanda aka danna fallen yumɓu a mazubi da hannu, kamar yadda maginanmu ke kifa tsohuwar tukunya su shimfiɗa yumɓu a bayanta, ko wanda aka yanka falle-falle aka haɗa, daɓensa a miƙe yake, bangonsa ya fi kauri, har za ka ga sawun yatsa ko na wuƙar gyara. Ba kowane na zubi ne banza ba, in ya sha wuta zai yi aiki, amma shuɗin nawa da ya fashe irinsa ne, da kwarminsa huɗu cif.

Mataki na huɗu: baki da shafe

Dubi kaskon ta gefe. In bangonsa ya buɗe zuwa sama, ko da kaɗan ne, daskararriyar ƙasa za ta zame ta taso kamar ƙanƙarar da ake matsowa daga kofi. In kuwa yana da tumbi, bakinsa ya tsuke ko leɓensa ya lanƙwaso ciki, ya zama tarko. Ƙasar ba ta da mafita, ko da yumɓun ya nuna sai ya tsage. Irin wannan ko a ranar sauya kasko sai ka yanka saiwa kafin bishiyar ta fito. Dogayen kasake na bishiyoyin da ake zubo da rassansu ƙasa su ma ka fi sa musu ido, don ƙasar da ke cikinsu ta fi yawa.

Shafen sheƙin da ke jikin kasko gilashi ne da aka narkar. A waje kawai ya kamata ya kasance, sai ɗan abin da ya gangaro bakin ciki. Kuskuren da na yi shi ne na zaci shafen kariya ne daga ruwa. A kan ɗanyen yumɓu, cutarwa yake yi. Ruwa na shiga ta ciki inda ba shafe, ya zo bayan gilashin ya rasa hanyar fita, in ya daskare ya ture shi falle-falle. 'Yan tsage-tsagen nan kamar saƙar gizo da ake gani a wasu shafe, in jikin ya nuna ado ne kawai, wasu ma don su ake sayen kaskon. In jikin ɗanye ne, ƙofar shiga ce aka ƙara wa ruwa.

Batun dacewa kuwa, al'adar ita ce fain da junifa a kasko marar shafe, ja ko ruwan ƙasa ko toka-toka, masu fure da masu zubar da ganye kuma a mai shafe. Tsawon kaskon wajen kashi biyu bisa uku na tsawon bishiyar, zurfinsa kuma kusan kaurin gindinta. A ƙasar sanyi ni ina ɗan ƙara zurfi, don saiwa ta sami abin rufa.

Mataki na biyar: sikeli ba ya ƙarya

In ka sayi kasake da yawa iri ɗaya, ko kana shakkar wani, ga gwajin da ke yanke gardama. Sikelin kicin mai auna giram kawai kake buƙata.

Busar da kaskon a oben a digiri 110 na awa biyu ko uku, ka bar shi ya huce a ciki, ka auna ka rubuta. Nitsar da shi a ruwan sanyi awa 24, ka fitar, ka goge jikin da ɗanyen tsumma, ka sake aunawa nan take. Sai ka mayar da shi babbar tukunya da ruwan sanyi, ka ɗora a wuta ya tafasa awa 5, ka bari ya huce a cikin ruwan, ka goge ka auna na uku. Kada ka jefa shi a tafasasshen ruwa kai tsaye, kuma kada ka yi wa tsohon kasko mai daraja wannan.

Lissafin: cire busasshen nauyi daga na ƙarshe, ka raba da busasshen, ka ninka da 100. Kasko mai giram 800 da ya koma 816 ya sha kashi 2, ya ci jarrabawa. In ya koma 880 ya sha kashi 10.

Shi wannan na kashi 10 ɗin ba lallai ne ya faɗi ba, kuma nan awo na biyu ke da amfani. Wani yumɓun yana shan ruwa amma yana da ƙofofin da ruwan sanyi ba ya cikawa, sai an tafasa. Waɗannan su ne ɗakin da ƙanƙara ke buɗawa ciki. Masu yin jan bulo a Amurka da wannan suke aiki: a raba abin da bulo ya sha a jiƙon sanyi da abin da ya sha bayan tafasa, in bai wuce 0.78 ba ana ɗaukar sa mai jure tsananin hunturu. In kaskon can ya sha giram 56 a jiƙo, 80 bayan tafasa, ya ba da 0.70, yana da sarari. Jajayen tukwanen garin Impruneta, kusa da Fulorans a Italiya, ba na babbar wuta ba ne, amma sun shahara da kwana a ƙanƙara shekara da shekaru. Duk da haka, ga wanda ba ya son dogon lissafi, ƙarancin shan ruwa ya fi zama abin dogaro.

Wasu sukan jiƙa kasko su sa a firiza, mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, su fitar ya narke, su maimaita sau goma ko ashirin. Yana aiki, in uwargida ta yarda da kasko kusa da namanta.

Mataki na shida: dasawa da shiga hunturu

Rufe ramukan da 'yar ragar roba, ka maƙale ta da waya, ka zura wayar ɗauri ta ƙananan ramukan kafin ka zuba komai. Ƙasar ta zama mai tsakuwa-tsakuwa wadda ruwa ke ratsawa nan da nan. Abin da aka saba shi ne haɗin akadama, wata ƙasar Japan mai ƙwaya-ƙwaya, da dutsen fumis mai sakayau, da tsakuwar aman wuta. Ƙasar fulawa ta buhu tana riƙe ruwa kamar soso, kuma ita ce ke kumbura ta fasa kasko. Akadama ma daskarewa da narkewa suna marmashe ta, don haka inda hunturu ke da ruwa a rage ta a ƙara fumis.

Da zarar an fara hasashen daskarewa, cire farantin da ke ƙarƙashin kasko. Sauke bishiyoyin daga kan katako zuwa ƙasa, a kan tsakuwa, jikin bango inda iska ba ta kaɗawa, don ƙasa tana da ɗan ɗumi. Tura ɓawon itace ko busasshen ganye a kewaye kasaken har baki. In akwai 'yar rumfa da za ta tare ruwan sama, ka rage rabin haɗarin, saboda kasko mai danshi-danshi ya fi jiƙaƙƙe sharkaf tsira. Ka tuna saiwa ba ta kai rassa juriya ba. In sanyi zai sauka ƙasa da sifili da digiri 5 zuwa 10, kai su gareji ko shagon ajiya marar hita har ya wuce.

In ƙasar ta daskare kada ka ba da ruwa, kuma ko da wasa kada ka zuba ruwan zafi don ta narke, kaskon da saiwar duka za ka yi asara. Kada ka ɓamɓaro kaskon da ya manne da daɓe, ƙafa za ka bari a wurin. Kasaken da ba komai a ciki a wanke, a busar, a kife su a inda ruwa ba ya zuba.

In ya riga ya fashe

Bishiyar ce farko. Kada ka taɓa saiwar a tsakiyar hunturu. Haɗa ɓarayin yadda suke, ka ɗaure da waya ko tef, ko ka ɗauki dunƙulen gaba ɗaya ka zaunar a kaskon roba da ya fi shi girma, ka cike gefen da fumis, ka jira lokacin sauya kasko a farkon bazararsu, sa'ad da tohon ya fara kumbura.

Tsingaron kuwa ka wanke ka busar sosai, kwana biyu ko uku a ɗaki. Gam mai haɗi biyu, ifoksi, yana kama yumɓu da kyau: shafa kaɗan a gefe ɗaya, matse, ɗaure da roba, ka goge abin da ya tsattsafo tun bai bushe ba. Japanawa suna da nasu gyaran, kintsugi, da ƙaron bishiyar urushi da garin zinariya, amma sai kasko mai tsada ake yi wa. Ko wanne aka yi, kaskon ya gama kwanan waje. Shuɗin nawa na haɗa shi da ifoksi, layin yana nan baƙi daga baki har gindi, na juya wannan gefen wajen bango. Wata 'yar ceɗiya ce a cikinsa yanzu, a kan tagar kicin.